Kafin ki sa yaranki cikin kwale-kwale mai inji

'Yar'uwa, idan tafiya ta kai ki bakin Kogin Kwara ko Tafkin Kainji, daure ki dubi injin jirgin kafin ki miƙa wa matuƙi ɗanki. Ni matar matuƙi ce a Yauri, abincin gidanmu daga Yamaha mai ƙarfin doki 40 yake fitowa. Inji in ya mutu a tsakiyar ruwa, babu gefen titi da za a tsaya. Igiyar ruwa sai ta juya jirgin, in akwai lodi da iska, sai dai Allah ya kiyaye.

Abin da zaman aure ya koya mini shi ne, inji yana son abu uku: mai, iska da wuta. Idan mai yana zuwa amma ya ƙi tashi, wuta ake bi.

Ana fara duba 'yar igiyar kashe inji. In maƙalinta ya fita, ko ƙato goma suka ja, ba zai tashi ba. Sai fulogi. A kwance shi da sifana: in ya yi baƙi ƙirin ko ya jiƙe, wataƙila baƙin mai ya yi yawa a cikin fetur. Irin wannan inji galibi lita 1 ake zuba wa lita 50. Bayan an goge, sai a mayar masa da hularsa, a jingina shi da ƙarfen inji nesa da fetur, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi lafiya ke nan. In ya fito ja-ja ko babu shi sam, a sa sabon fulogi. In har yanzu shiru, a bi wayoyi, domin laima tana sa musu tsatsa, musamman wadda aka ɗaure a jikin inji. Kwayil da akwatin CDI kuwa aikin bakanike ne a tudu.

Ba cewa nake ki zama bakanike ba. Amma kina da ido da kunne. Injin da aka ja sau goma kafin ya tashi, ko yake tari yana ɗaukewa tun a gaɓa, ya riga ya gaya miki gaskiya. Ki tambaya cikin ladabi: "Malam, akwai fulogi na ajiya? Ina filafili? Akwai rigar kariya ta yara?" Matuƙin kirki ba ya jin haushi. Maigidana cewa yake irin wannan fasinja tana tuna masa da aikinsa.

Ba mu manta da hatsarin Warrah a watan Mayun 2021 ba, ko na Bagwai a Nuwamban shekarar, inda yara 'yan Islamiyya suka rasu. Allah ya jiƙan su. Kada ki shiga jirgin da ya cika maƙil, kada ki yarda da tafiyar dare, wadda hukumar NIWA ta hana. In hankalinki bai kwanta ba, ki sauko da yaranki. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.