Dutse mai rai da dutsen matoya

Murjani tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin ayarin raƙuma yake ƙetaro hamada daga Bahar Rum, ya biyo ta Tarabulus da Gadamas, ya sauka a kasuwannin Katsina da Kano, daga nan ya kai wuyan amare har cikin ƙauyukan jihar Maraɗi. Tsohuwar Gangara da ta gaji ɗamara guda daga kakarta tana iya bambance na asali da na roba, ta wajen nauyinsa da sanyinsa a tafin hannu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan tsakiya ƙashin wata halitta ce ta teku. Danginta na ruwan ɗumi su ne ke gina tsaunuka na farin dutse a ƙarƙashin ruwa. Tsaunukan ba su kai kashi 1 cikin 100 na shimfiɗar teku ba, amma kusan rubu'in irin halittun teku a wurinsu suke samun abinci da mafaka.

A Turai da Amurka da Asiya akwai masu sha'awar ajiye ɗan yankin wannan duniya a cikin ɗaki. Sukan tanadi akwatin gilashi, su cika shi da ruwan gishiri, su zuba kifaye da murjani. Matsalarsu ta fari ita ce ƙazanta. Kifi yana fitar da amoniya, ita kuwa guba ce, kuma a rufaffen akwati ba ta da mafita. A teku, ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya, su ke juya amoniya ta zama nitirit, wasu kuma su juya nitirit ya zama nitirat mai sauƙin illa. Mazauninsu shi ne ƴan hujin da ke jikin tsohon ƙashin murjani. Tun farkon shekarun 1960 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa in aka ɗauko irin wannan dutse da ɗanyensa aka sa a akwati, ruwa yakan gyaru da kansa. Shi ake kira dutse mai rai, domin yana zuwa da gansakuka da soson ruwa da tsutsotsi. A Turai akan ƙiyasta kilo 1 ga kowace lita 10 ta ruwa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Aka shiga farfasa tsaunukan Fiji da Indunusiya da Filorida ana lodawa a jiragen sama. Abin da halitta ta ɗauki shekaru aru-aru tana ginawa, guduma takan ɓamɓare shi da hantsi guda. Amurka ta rufe ɗibar dutsen daga ruwan tarayya na gaɓar Filorida a 1997, Fiji ma ta sanar da haramta fitar da shi a ƙarshen 2017. Ga kuma ɗumamar ruwa da ke sa murjani ya yi fari fat ya mutu, kamar yadda aka gani a faɗin duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, da kuma wanda aka tabbatar a 2024.

Da hanya ta ƙuntata, sai masu akwatin suka koma ga yumɓu. Akan cuɗa shi, a tsara shi da rassa da koguna, a gasa shi da zafin da ya haura digiri 1000, ya fito da huji birjik. Ba ya shigo da ƙaguwa mai cin kifi, ko muguwar ciyawa da kan ɓuya a jikin dutsen teku. Sai dai fanko yake zuwa, ba rai ko ƙanƙani. Dole a fara jiƙa shi har ya saki abin da wuta ta bari, sannan a ɗora masa ɗan gutsuren tsohon dutse, ko a zuba masa bakteriyar kwalba. Bayan mako 4 zuwa 6 yakan fara tace ruwa, bayan watanni kuma gansakuka mai ruwan hoda ta lulluɓe shi, har bambanta shi da na teku ya yi wuya. Dabarar ta koma cikin tekun kanta: a 2020 masu bincike na Jami'ar Hankan sun shimfiɗa fale-falen yumɓu 128 a gaɓar Hoi Ha Wan, suka dasa murjani a kansu.

Maginiyar tukwane a Gangara ko Agye ko Gidan Rumji ba ta taɓa ganin teku ba, amma da za a yi mata wannan bayani ba za ta sha mamaki ba. Ta san randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo. Ta san ƙaiƙayin da ta cuɗa da yumɓu yakan ƙone a matoya ya bar gurbi. Ta san sabuwar randa sai an jiƙa ta an zubar kafin ruwanta ya daina ɗanɗanon ƙasa. Mai tallar nono ita ma ta san madara ba ta kamawa sai an ɗiga mata ragowar na jiya. Ilimin da Bature ya kai gare shi da na'urar awo, yana nan a bayan ɗaki tun kaka da kakanni.

Akwai darasi mai ɗaci a labarin dutsen nan, kuma Nijar ta ɗanɗana irinsa. A 1975 aka gano kufan Bura a ƙasar Tera, a 1983 Boubé Gado ya jagoranci tono shi bisa ƙa'ida, aka fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu na jana'iza. Da aka baje kolinsu a Paris a 1993, sai dillalai suka yi ca. Aka bi kufai da diga da shebur, har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Mai sayen tukunyar Bura da mai sayen dutsen Fiji buƙatarsu ɗaya: na asali suke so, kuma son nasu ne ke cinye asalin. Tukunya in ta bar kabarinta ba tare da an rubuta inda take da abin da ke kusa da ita ba, labarinta ya tafi, saura ado.

Ƙungiyar al'adu da ke son gidan tarihi a garinta tana iya ɗaukar hanyar yumɓu. Maimakon a raba tsohuwa da tasarta ko a raba fada da tambarinta, a sa masu sana'a na yau su ƙera wani, a biya su, a rubuta sunansu a gefe. Kayan gado ya zauna inda yake aiki, sana'a kuma ta sami kasuwa.

Amma masu akwatin gilashi suna da gargaɗi. Dutsen matoya ba ya haifar da komai da kansa. Abin da aka ɗora masa kawai yake rainawa, shi ya sa akwatin da aka fara da shi tsura yakan daɗe bai daidaita ba, kuma halittunsa ba su kai na dutsen teku yawan iri ba. Makaranta ma gini ne na hannu. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida, aka wallafa littattafan Hausa, aka daidaita rubutu. Littafi da allo mazauni ne mai kyau, sai dai karin magana da tatsuniya da sunayen itatuwa suna bakin mutane. Malamin da ya gayyato maginiya cikin aji ta nuna wa yara yadda ake tayar da gindin tulu, ko ya aika su wurin kakanninsu su rubuto sunan kowace ciyawa ta Gulbin Kaba, ya ɗora gutsuren tsohon dutse a kan sabo. Bayan haka sai haƙuri, domin aji ma, kamar akwatin, yakan ɗauki lokaci kafin ya kama.