Jinin gwaggon biri da nauyin shugabanci

Da sassafe, kafin rana ta yi zafi a dajin Masai Mara na ƙasar Kenya, Robert Sapolsky yakan laɓe kusa da garken gwaggon biri, riƙe da siririn bututu. Sai ya hura ƙaramar kibiya mai maganin barci, ta soki namiji guda. Dole ya ɗebi jinin da hanzari, domin firgita kanta tana sauya abin da yake son aunawa. A shekarar 1978 wannan masani ɗan Amurka ya fara aikin, ya kuma yi ta komawa shekara da shekaru.

Abin da yake bin sawunsa shi ne testosteron, sinadarin da ke ba namiji siffa da sha'awa. Marena ne ke haɗa shi daga kolestarol, bisa umarnin wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Idan ya shiga jini ba ya tsayawa yadda yake. A cikin ƙwaƙwalwa wani kasonsa yakan rikiɗe ya zama estradiyol, wanda aka fi sani da sinadarin mata. Hanta kuma tana sarrafa saura, ya fita ta fitsari da kashi.

An daɗe ana zaton wanda ya fi yawan wannan sinadari shi ke mulkin garke. Jinin ya nuna wani abu dabam. Muddin garke na zaune lafiya, manya ba su fi na ƙasa yawansa ba. Sai tashin hankali ya zo bambanci ke bayyana: na ƙanana ya faɗi nan take, na manya kuwa ya ɗan hau tukuna. Dalili ɗaya shi ne kotizol, sinadarin damuwa, wanda ke sa marena su daina amsa umarni sosai.

Daga baya masu bincike a Amboseli, a Kenya ɗin dai, suka bi ta hanyar da ba ta firgita dabba, wato tsintar kashi a auna. A 2011 suka bayyana cewa shugaban garke yana da testosteron mai yawa, amma damuwarsa ta kai ta ƙasƙantattu. Na biyunsa ya fi shi kwanciyar hankali, domin shugaba ne ke shan faɗa da gadin mata.