Zanen Gadon Yaya

Ni haifaffiyar Mile One ce, wato unguwar nan ta Diobu da ke cikin Fatakwal, inda Hausawa da dama suka yi kaka-gida suna sayar da albasa da tumatir da goro da nama. Duk lokacin da muka je gida Zariya hutu, sunan da 'yan uwa suke kiranmu da shi shi ne 'yan Kurmi. Da wasa ake faɗa, amma akwai abin da ke ƙarƙashin wasan: ana ganin duk yarinyar da ta tashi a Kudu ba ta iya tuƙa tuwo ba, ba ta iya gaisuwa ba, balle a yi zancen aikin hannu. Saboda haka da aka sa ranar auren yayata a shekarar 2017, kuma aka ce birnin Zariya za a kai ta, sai Goggo ta rantse cewa zanen gadon da za a shimfiɗa ranar jere ba na kanti zai zama ba, a gidanmu za a ɗinka shi da hannu. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, don haka ni aka miƙa wa allura, ita kuma ta zauna a gefe tana ba da umarni.

Zanen da za mu bi daga wajen wata maƙwabciyarmu Ibo mai ɗinki muka samo shi: furanni ne da ganyaye sun yi zobe, da tsuntsaye biyu a sama. Goggo na gani ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ba irin abin da suke ɗorawa a kan akwatin gawa ba ne?" Na ce, "Goggo, ai har a ƙofa suna ratayawa lokacin Kirsimeti." Ba ta gamsu ba. Da ƙyar dai muka daidaita a kan cewa za a cire tsuntsayen, tunda masu rai ne, sannan a cike tsakiyar zoben da dagi, don duk wanda ya gani ya san daga gidan Bahaushe ya fito.

Wajen zaɓen zare ne na yi wautar da har yau ake yi mini dariya a kanta. An ba ni kuɗi na nufi kasuwar Mile One da ke kan titin Ikwerre, wadda gobara ta ci a watan Disamba na 2013. Goggo ta ja mini kunne cewa zaren Anchor zan sayo, irin mai sili shida, mai tsawon mita takwas a kowane ƙulli. Da na isa sai na tarar da wani zaren mai sheƙi, mara suna, wanda kuɗin Anchor ɗaya zai sayi uku. Na kwaso ja da ruwan hoda da ruwan goro da kore shar, na dawo da canji ina jin na yi abin kai. Goggo ta murza shi a yatsa, ta ce araha ba ta ado, amma ba ta hana ni ba. Mako biyu na yi ina cike furanni uku da jan zaren nan. Rannan na ga yadin ya yi datti, na ɗauraye shi na shanya. Mai karatu, wanda bai zauna a Fatakwal ba ba zai gane abin da ake nufi da watan Agusta ba. Kwana biyu zanen yana kan igiya bai bushe ba, jan ya zuba ya bi farin yadin kamar an yanka kaza a kai. Na yi kuka sosai, domin yadin ma na kuɗi ne, kuma Baba ba a kan banza yake samun su ba.

Sai bayan an sayo sabon yadi Goggo ta nuna mini abin da ya kamata in yi tun farko. Za a yanko ɗan guntun zare, a jiƙa shi da ruwan ɗumi, a danne shi a tsakanin farin ƙyalle. In ƙyallen ya fito da launi, to a ajiye wannan zaren. Ja da shuɗi mai duhu da ruwan hanta su aka fi yi wa wannan gwajin. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini da wuri ba, ta ce da ta faɗa da ban ji ba. Gaskiyarta.

Farin yadin ma mun fasa shi, muka koma ruwan madara, dalili kuwa shi ne baƙin ƙurar nan da ta fara sauka a Fatakwal tun ƙarshen 2016, wadda aka danganta da tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya a cikin fadamu. Da safe in ka shafa taga sai tafin hannunka ya yi baƙi, hanci ma haka. Dole in wanke hannu kafin in taɓa aikin, in na tashi kuma in naɗe shi a cikin rigar matashi in sa a akwati.

Launi kuwa, ni so na yi kowane fure ya fito da nasa, Goggo ta ce wannan ai kasuwa ce ba zanen gado ba. A ganinta launi uku sun isa: ɗaya ya yi sarauta, biyu su yi masa fadanci. Ta zaɓi ruwan hanta don manyan furanni, ruwan hoda don ƙanana, sai kore iri biyu don ganye, mai duhu a ƙasa mai haske a sama. Dagin tsakiya ta ce a yi shi da ruwan zuma, saboda shi ne ya fi kusa da launin tsamiya, wato silikin nan na gida da ake samu daga saƙar wata tsutsa, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. A nan kam ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, har yanzu ina ganin da an ɗiga ruwan ɗorawa a tsakiyar furannin da sun fi fitowa. Na saci jiki na sa a guda biyu da ke can gefe, ba ta lura ba.

Irin ɗinkin bai ba mu wahala ba sosai. Rassan da suka yi zoben da ɗinkin sarƙa muka bi su, sili uku, domin shi ne ke lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Furanni da ganye ciko aka yi musu da sili biyu, kowane ɗinki kwance a jikin ɗan'uwansa, kuma ba a barin ya yi tsawo don kada farce ko ɗan kunne ya fizge shi. Tsakiyar fure ƙananan ƙulli ne. Abin da Goggo ta fi matsa mini a kai shi ne bayan aikin. Ba ta yarda a ƙulla zare a bar shi yana reto, ko a tsallaka da shi daga wannan fure zuwa wancan. Sai dai a cusa bakinsa a ƙarƙashin ɗinkin da aka riga aka yi. Sau uku tana sa ni ina warware ganye guda saboda wannan.

Sai da na shigo jami'a na karanta cewa wani Bature, David Heathcote, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979 a kan ɗinkin tufafin Hausawa, su aska biyu da aska takwas da tambari. A da aikin babbar riga sana'ar maza ce, daga baya matan birnin Zariya suka kama ta a cikin gidajensu. Cikinsu Goggo ta koya kafin aure ya kawo ta Kurmi.

A watan Disamba aka kai Yaya. Ranar jere ina tsaye a bakin ƙofa gabana yana faɗuwa, sai ga wata tsohuwa daga dangin ango ta shigo da sandarta. Ba ta ko kalli furannin ba, ta kama gefen zanen ta juya bayansa, ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana bi da yatsa. Can ta ɗago ta ce, "Wannan a ƙofar Gayan aka ba da shi, ko a Kwarbai?" Goggo ta nuna ni da haɓa. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "'Yar Kurmin?" Sannan ta ce in na samu hutu in zo, tana da jikoki biyu da za a aurar bayan Sallah.