Me ya sa sama ke yin layi-layi a bidiyo?

1/ Kun lura in an nuno faɗuwar rana a fim ɗin da kuka sauke, sama sai ta yi layi-layi? Sau da yawa ba laifin allon wayarku ba ne, lissafi ne.

2/ Yawancin bidiyo na ajiye hasken kowane ɗigo da bit 8, wato matakai 256. Ba duka ake amfani da su ba fa: baƙi na kan 16, fari 235. Saura 220. Launin da ke sauyawa a hankali ya fi ƙarfinsu, sai ido ya ga tsalle.

3/ Nan ne ya fi burge ni a aji. Manhajar matse bidiyo hasashe take yi, ta ajiye bambancinsa da ɗigon gaske. Bambancin nan kan tashi daga -255 zuwa 255, sai bit 9 ke ɗauka. A bit 8 kuwa, 255 a ƙara 1 sai ya koma 0, fari ya rikiɗe baƙi ƙirin. Shi ya sa HEVC ke ajiye lissafin cikinta a bit 16.

4/ Bit 10 matakai 1024 ne, kuma galibi fayil ɗin ba ya ƙara nauyi sosai. Ni kam shi nake zaɓa. Sai dai wata tsohuwar wayar sarƙewa take yi, ta zuƙe caji.