Chandpur, Garin da Koguna Uku Suka Haɗu

Uwargida, duk ranar da kika haɗa wa yaro ruwan gishiri da sukari saboda gudawa, ki tuna da Chandpur ta ƙasar Bangaladash. A yankin Matlab na wannan gunduma aka buɗe cibiyar binciken kwalara a 1963, can kuma aka gwada wannan haɗin a kan majinyata a 1968. Ni da nake ba da shi kullum a asibiti, sai kwanan nan na sani.

Garin yana daidai mahaɗar kogunan Padma, Meghna da Dakatia. Daga Dhaka, babban birnin ƙasar, tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a jirgin ruwa. Yawancin mutanen Musulmi ne, abin alfaharinsu kuwa kifin ilish, ga maiƙo ga ƙaya kamar me. Wajen watan Oktoba gwamnati kan hana kama shi na kwana 22 don ya zuba ƙwai, a raba wa masunta shinkafa.

Sai dai kogin da ke ciyar da su, shi ke cin gaɓa. Da damina yakan zaftare gona da gida, iyali su ciccire kwanon rufinsu su ƙara gaba.