Shekarar da Jarin Inna Ya Karye

A Safo aka yanke mini cibiya, cikin ƙasar Madarunfa, ba nisa da Gulbin Maraɗi. Sana'ar Inna man gujiya ce da ƙuli-ƙuli, kuma da ita ta yi mana sutura, ta sayi awaki, ta fara tara wa yayata kayan ɗaki. Tun asuba za ka ji ƙamshin suya. A murje gujiyar, a sheƙe, a kai niƙa, sannan a zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar mu yara muke murzawa, muna satar ci tana yi kamar ba ta gani. Har yau ban ɗanɗani ƙuli-ƙulin da ya kai nata ba.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, ga fara a wasu sassan ƙasa, sai 2005 ta zo da yunwar da ta fi tsanani a jihar Maraɗi. Tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Wa zai sayi mai alhali ba shi da abin tuƙawa? Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, jari ya shiga tukunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan kaka. Allah ya kawo sauƙi, rumbuna suka samu hatsi, gujiya ta dawo kasuwa, amma zuciyar Inna ba ta dawo ba. Turmi na kife a bayan ɗaki. In yaran maƙwabta suka shigo da kwalba, sai ta ce, "Ba a yi ba," ko kai ba ta ɗagawa. Macen da ba ta iya zama, ga ta tana wuni a kan tabarma. Lafiyarta ƙalau. Tsoro ne ya kama ta, kada ta sake tarawa ya sake watsewa.

Ƙanwarta ce ta cire ta. Ta shigo wata la'asar ta ce, "Yaya, ɗauko mayafinki, mata na jiranmu." Taron asusu ta kai ta, irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Duk mako kowace ta zuba ɗan abin da ta samu cikin akwati, mai buƙata ta ara ta biya a kan wa'adi, a ƙarshen zango a raba. Inna ta ari kuɗin tiya kaɗan, abin da a da ba za ta hura wuta saboda shi ba.

A ganina kuɗin ba su ne suka tashe ta ba. Ta samu ranar da ake sa ran ganinta, da matan da za su ce, "Ya kasuwa?" su tsaya su ji amsa. A cikinsu babu wadda yunwar nan ba ta taɓa ba, don haka kunyar karayar jari ta faɗi. Ga bashi a wuya, shi kuwa ba ya barin mutum barcin rana. Ran da ƙamshin suya ya sake tashi a gidanmu, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta yi guɗa.

Na ga ranar wannan tarihi a watan Agusta na 2019, da Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disambar 2020. Ina da ɗan shago a Maraɗi, kayana daga Jibiya da Katsina suke zuwa. Kanta ta yi fayau, na fara jin nauyin fita. Da na je gida gaisuwa Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka buɗe ko ba ciniki. Ka zauna cikin 'yan uwanka 'yan kasuwa, ka sari abin da ake samu a nan." Na koma kan hatsi da wake, da su na riƙe shagon har aka buɗe hanya.

Yanzu ƙarfin Inna ya ja baya, ƙanwata ce ke riƙe da turmin. Mai karatu, in akwai wanda ka sani jarinsa ya karye ya shige ɗaki, kada ka tsaya aika masa gaisuwa. Je ka da ƙafarka ka fito da shi.