ME KA BARO A KAN WUTA?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin kaina ne ni da wani babur. Da yawa daga cikinku da suka gan ni a kansa a garin Gumel sun sha tambayata, wai me ya kai marubuci, mai mata da 'ya'ya biyar, hawa irin wannan abu? To ga amsar, kuma ba duka ce mai daɗin faɗa ba.

Mu marubuta muna da wata ɗabi'a. Tun da na fara fitar da littafi a 2002, babu jarumin da na taɓa ƙirƙira wanda ban ɗora shi a kan abin hawa na kece raini ba. Sai in rubuta yadda ya figi mota ya bar budurwa da sakin baki, alhali ni da na rubuta a kan wata tsohuwar Jincheng nake kai rubutun wurin mai buga mini a Kano, tafiyar kimanin kilomita 120, in isa fuska duk ƙura. Kun ga ke nan ƙarya ce nake yi da alƙalami, amma a can ƙasan zuciya ni ma ina son in zama jarumin nan ko da sau ɗaya.

A farkon 2018 Allah ya kawo wasu kuɗi. Na sayar da wani labari ga masu shirya fim, na kuma kai bijimai biyu da na yi kiwo kasuwar Maigatari suka yi daraja. Maimakon in ƙarasa ginin da na fara, sai na tura kuɗin Legas aka sayo mini babur na hannu, Honda VFR800 ƙirar 2004. Ga wanda bai sani ba, irin waɗannan babura an yi su ne tsakanin na tsere da na doguwar tafiya, wato yana da gudun na tsere, amma zamansa ba ya karya baya, kuma ana iya ɗaura masa akwatuna a gefe. Injinsa silinda huɗu ne, girmansa 782cc, alhali Boxer da 'yan acaɓa ke hawa 100cc ne. Tankinsa na cin lita 22, nauyinsa in ya sha mai ya haura kilo 240. Akwai kuma wata dabara da aka yi masa mai suna VTEC: in kana tafiya a hankali bawul biyu ne ke aiki a kowace silinda, da zarar injin ya doshi juyi 7,000 a minti sai sauran biyun su buɗe, kukansa ya sauya, ya zabura kamar an tsikari ingarma. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa kai ni ya baro.

Ranar da aka sauke shi a ƙofar gida sai da layinmu ya cika da yara. Maiɗakina ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Abban Khalifa, wannan ne rufin ɗakin namu?" Ban tanka ba. Inna kuwa, da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, cewa ta yi, "Kai wannan, likkafani ka sayo da kuɗinka?" Na yi dariya na ce ta sa albarka kawai. Ta ce Allah ya tsare, amma ba ta ce Allah ya sa alheri ba.

Gaskiya watannin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu tudu, kana iya hango abin da ke gabanka tun daga nesa. In na idar da sallar asuba sai in ɗauki hanyar Sule Tankarkar in gaida dangin Inna, in dawo kafin yara su tafi makaranta. Wata rana in nufi Gagarawa, in tsaya kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta layin Kano zuwa Nguru in sha shayi, jama'a su kewaye babur suna tambayar nawa ne, kuma gudun nawa yake yi. Wannan tambaya ta biyu ita ce guba. Kowa ita yake yi, ni kuma kullum ina son in ba da amsar da ta fi ta jiya. Daga 100 na koma 120, daga nan 140. Hular kwano ma ba kullum nake sawa ba, don ina son a gane ni ne. Na tuna a 2009, lokacin da aka tilasta sa hular, har dariya muka riƙa yi wa 'yan acaɓan da suka kifa ƙwarya a ka. Ashe su sun fi ni, ko ba komai sun rufe kan da wani abu.

Sai ranar wata Laraba cikin watan Nuwamba na shekarar. Duk ɗan yankin nan ya san Alhamis ce kasuwar Maigatari, kuma tun Laraba da yamma hanya ke cika da masu kora dabbobi, da amalanken shanu, da motocin da ke zuwa lodi daga Kudu. Ga shi kaka ce, manoma na fama da riɗi da zoɓo a bakin hanya. Na san duk wannan, a nan aka haife ni. Amma bayan la'asar na fito daga Gumel na ga kwalta ta miƙe fetal, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, sai Shaiɗan ya ce mini murɗa. Na murɗa totur har na ji kukan nan ya sauya. Allura na kan 140.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Mai gudun kilomita 140 a awa yana cin kusan mita 39 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, hannu ya kai ga birki, an riga an ci wannan tazarar ko fiye. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake yi sau huɗu. A ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Tumaki ne suka fara fitowa daga bayan wata kuka, a bayansu wani yaro da bai wuce shekara takwas ba, riƙe da kara. Na damƙi birkin gaba da dukkan ƙarfina, na kuma kafe idona a kan yaron, babur ɗin kuwa ya nufi inda nake kallo. Abin da ya raba mu shi ne yashin da iska ta kwaso ta zuba a gefen kwalta. Tayar gaba ta zame, na faɗi, babur ya tafi da cikinsa yana tartsatsi ya kwashe wata tunkiya, ya wuce yaron da tazarar da ba ta fi kamu biyu ba. Har yau in na rufe ido ina ganin silifas ɗinsa guda ɗaya a tsakiyar titi.

Na samu karaya a ƙashin kafaɗa, fatar hannuna da ta cinya ta saluɓe. Allah ya sa ranar na sa hular, ta tsage ta gefe ɗaya. Jama'a suka taru, wasu samari suka fara ɗaga murya. Sai ga mahaifin yaron, wani dattijo, ya ratso su. Ya fara shafa ɗansa tun daga kai har ƙafa, sannan ya zo ya tsuguna a gabana. Na ɗauka zagi zai yi, da ma ya yi ɗin da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Sannu Malam. Me ka baro a kan wuta a Maigatari?" Na rasa amsa, domin babu abin da zan je yi. Ko allura ba zan saya ba. A gaban Bulama aka yi wa tunkiyar kuɗi na biya, dattijon ya ce ya yafe sauran. Ni ne ban yafe wa kaina ba.

Babur ya shiga zaure aka lulluɓe shi da tamfal, ya yi sama da shekara biyu a nan. Inna ta ce a sayar. Masu saye sun zo, amma duk wanda ya zo yaro ne matashi, kuma tambayarsa ta farko ita ce gudun nawa yake yi. Sai in ji ba zan iya miƙa masa makulli ba.

Wani abokina a Kano, cikin masu hawa manyan babura, shi ya ce mini, "Malam, matsalarka ba ka iya ba ne, kuma ba ka san ba ka iya ba." Na ji haushi, ni da nake kan babur tun ina sakandare. Ya ce akwai filin tseren babura da motoci a Evbuobanosa ta Jihar Edo, kan hanyar Benin zuwa Asaba, in zo mu je in gani. A 2021, bayan an gyara babur, an sa masa sababbin tayu da aka aiko daga Legas, muka ɗauki hanya mu shida. Kano, Zariya, Kaduna, muka kwana Abuja, sannan Lokoja, Okene, Auchi. Ba ma tafiyar dare, ba ma rabuwa. A wannan tafiya na gane abin da aka yi babur ɗin dominsa. Ka yini a kansa yana tafiya cikin natsuwa, gilashin gaba na kare maka iska, ka sauka ba ka ji an yi maka duka ba.

A filin kuwa na sha kunya. Aka ba ni aron rigar fata mai haɗe da wando, aka duba tayu da birki, aka manne madubai da fitila da salatif. Wanda ya koya mana, wani matashi ɗan Kudu da na girme shi nesa ba kusa ba, ya ce mu bi bayansa. Zagaye na farko wani yaro a kan ƙaramin babur da bai kai rabin nawa ba ya wuce ni a kwana kamar ina tsaye. In an miƙe in kamo shi, in an zo kwana ya sake barina. Gaba da gabanta ke nan. Nan na fahimci abin da nake taƙama da shi a gida ba iyawa ba ce, murɗa totur a miƙaƙƙiyar hanya ko yaron goye zai iya.

Abubuwa uku na koyo. Na ɗaya, babur inda ido ya kalla yake zuwa, don haka in abu ya tare ka, kalli mafita, kada ka kalli abin. Da na ji wannan sai da jikina ya yi sanyi, don na tuna yadda na kafe yaron nan da ido. Na biyu, birkin gaba matsa shi ake yi a hankali sannan a ƙara, ba damƙa ba, domin sai nauyi ya sauka a kan tayar gaba take kama ƙasa. Na uku, ana rage gudu ne kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. Da yamma na samu na buɗe masa wuta a miƙaƙƙen ɓangaren filin, kukan nan ya sauya, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, saboda a karon farko babu ran kowa a gabana sai nawa. Kowa gefe ɗaya ya nufa, babu tunkiya, babu amalanke, ga masu tuta suna lura da kowace kwana.

Wannan shi ne abin da nake son 'yan'uwa su ɗauka. Gudu ba laifi ba ne, amma yana da wurinsa, kamar yadda sukuwa ke da filinta, ba a yin ta a cikin kasuwa. Hanyar Maigatari ba tawa ba ce. Ta mai tumaki ce, da mai amalanke, da 'yar tallan da za ta tsallaka da faranti a ka. Su ba su sa hular kwano ba, ba kuma da shawararsu na sayi babur ba. Ina faɗin haka ne musamman ga ƙannenmu masu wasa da babur ranar kai amarya, ana ɗaga taya ana tafi. Na san daɗin tafin nan, na kuma san inda yake kai mutum.

Har yanzu babur ɗin yana nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na rage hawa, domin cika tankin da nake yi da naira dubu huɗu da 'yan kai, a watan Yulin shekarar sai da ya haura dubu goma sha uku. In na fita ba na bari allura ta kai inda kukan ke sauyawa, in na shigo gari ko ƙauye kuwa har mai Boxer wuce ni yake yi yana waiwaye. An rufa ɗakin maiɗakina tuni. Inna ta yarda in ci gaba da hawa bisa sharaɗi ɗaya: duk Laraba da Alhamis makulli a ƙarƙashin matashinta yake kwana, kuma ban taɓa roƙon ta ba ni ba.

Khalifa ya fara tasawa, kwanan baya na kama shi yana shafa tankin. Ya ce, "Abba, gudun nawa yake yi?" Na zaunar da shi na nuna masa tabon hannuna, na ba shi labarin yaron nan mai silifas, wanda in Allah ya raya shi yanzu ya zama saurayi kamarsa. Na ce masa duk ranar da ya hau abin hawa ya ji hannunsa na ƙaiƙayi, ya tambayi kansa abin da dattijon nan ya tambaye ni.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa kada mu zama sanadin hawayen wani. Sai mun haɗu a ci gaban littafinmu.